Ranar da Ta Ƙi Wucewa: Amsar Tambayoyinku kan Ƙagaggun Labaran Danmak

Wasiƙun wannan wata kusan duk kan abu guda suka taru: littattafan ƙasar Danmak da ake tsai da agogo a cikinsu, ko mutum ya tashi sama ya dawo, marubucin kuma ya ci gaba da zancensa ko a jikinsa. Mun haɗe masu kama da juna, ga abin da ya samu.

Tambaya: Malamai, a aji an karantar da mu wani salo da Faransanci ke kira *réalisme magique*. To mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, mene ne sabo a nan? Ba tatsuniya ba ce aka sa wa kwat? *Daga wani ɗalibin adabi, unguwar Zariya.*

Amsa: Ɗan'uwa, mu a wannan fili muna ce wa salon "al'ajabi cikin zahiri", kuma bambancinsa da tatsuniya tun daga bakin ƙofa yake. Tatsuniya sallama take yi. Da an ce "ga ta nan ga ta nanku", aka amsa "ta zo mu ji ta", kowa ya san an bar duniya sai an ji "ƙurunƙus". Garinta "wani gari" ne, sarkinta "wani sarki", babu shekara, babu kuɗin tiyar hatsi. Komai na iya faruwa, don haka in kura ta yi magana ba wanda zai waiga. Shi kuwa wannan salo sai ya ba ka shekara, da garin da za ka iya nunawa a taswira, da sana'ar mutum har da abin da yake samu a wata, sannan ya jefo abu ɗaya da ba ya yiwuwa, ya faɗe shi da muryar da ya faɗi sauran.

Ga misali daga Danmak ɗin. A 2006 Carsten Jensen ya fitar da wani ƙaton littafi kan Marstal, garinsu na matuƙan jiragen ruwa a tsibirin Ærø. Ya buɗe shi da yaƙin gaske: a 1849 jirgin yaƙin Danmak mai suna Christian VIII ya tarwatse a mashigin ruwan Eckernförde, wannan yana cikin tarihi. Sai ya ce wani matuƙi, Laurids Madsen, fashewar ta cilla shi sama, nauyin takalmansa ya maido shi ƙasa a tsaye. Ranar gaskiya ce, jirgin gaskiya ne, garin yana nan har gobe. Takalman kuwa ƙage ne, kuma suna ci gaba da yawo cikin labarin, wanda ya kai har 1945. Mai ba da labarin ma ba mutum ɗaya ba ne, "mu" yake cewa, wato mutanen gari, irin muryar da ake ji a majalisa in dattawa suna ba da labarin abin da kowa ya riga ya yarda da shi.

Sunan salon ba a Danmak aka raɗa shi ba. Wani Bajamushe, Franz Roh, shi ya fara amfani da shi a 1925, a kan zane-zane ma yake magana. Marubutan Latin Amurka suka maishe shi na labari, musamman bayan littafin Gabriel García Márquez na 1967. Ƴan Danmak sun rungume shi sosai a shekarun 1980 da 1990, cikinsu har da Ib Michael, wanda dama harsuna da al'adun ƴan asalin Amurka ta Tsakiya ya karanta a jami'a. Abin da suka ƙara nasu shi ne son lissafi. Al'ajabinsu da kwanan wata yake zuwa.

Tambaya: An ce marubutan can suna "wasa da lokaci". Yaya ake yin haka a rubuce, ba a sinima ba? *Daga wata malamar lakwal, Ali Ɗan Sofo.*

Amsa: Malama, sannu da aiki. Dabaru huɗu za mu nuna miki, amma ta ƙarshen ce za mu daɗe a kanta.

Peter Høeg, haifaffen 1957, a littafinsa na farko na 1988 ya soma daga shekarar 1520. Wani basarake mai gandu da ake kira Mørkhøj, wato Tudun Duhu, ya gamsu cewa gandunsa ne cibiyar duniya. Ya kewaye shi da ganuwa, ya sa aka tsai da duk agogon da ke ciki. A waje ƙarnuka suna wucewa, a ciki ana zaune jiya i yau. Ki lura da ganuwar nan, ita ce rabin dabarar: tsayuwar lokacin tana da iyaka da za a iya takawa da ƙafa, don haka duk wanda ya ƙetare ta ya shigo da labari. A 1990 Høeg ɗin ya juya abin. Ya tara gajerun labarai da dukkansu ke faruwa a dare ɗaya, 19 ga Maris 1929, wani a Kwango, wani a Kofanhagen, babban birnin Danmak. A nan lokaci ne aka ɗaure a turke, wuri ke yawo. Svend Åge Madsen kuwa, a 1976, ya zaunar da mai ba da labarinsa a wani zamani mai zuwa, yana tono birnin Aarhus na shekarun 1970 kamar mai tonon kufai, har abin da kowa ya saba da shi ya koma abin mamaki.

Ta huɗu ita ce ta Solvej Balle, haifaffiyar 1962. Ta tsara littafi mai juzu'i bakwai, na farko ya fito a 2020, ukun farko suka ci kyautar adabi ta Majalisar Ƙasashen Arewacin Turai a 2022. Tauraruwar, Tara Selter, dillaliyar tsofaffin littattafai ce ita da mijinta Thomas, a arewacin Faransa. Ta je Paris kan harkar kasuwanci, ta kwana ran 18 ga Nuwamba, ta farka ran 18 ga Nuwamba. Ba da tsawa ko walƙiya ta gane ba. A wurin karin kumallo a otal ta ga jarida ɗauke da kwanan watan jiya, ta ga guntun burodi ya faɗo daga hannun wani baƙo daidai yadda ya faɗo jiya. Littafin ma ba daga nan ya fara ba, daga rana ta 121 ya fara, lokacin da firgita ta riga ta wuce, saura zama da abin.

Ƙarfin littafin yana cikin dokokinsa. Kowa yana mantawa, ita kaɗai ke tunawa, don haka kowace safiya sai ta sake yi wa mijinta bayani daga farko, har ta gaji ta koma ɗakin baƙi na gidanta tana sauraren motsinsa. Jikinta bai tsaya ba: ƙunar da ta samu a hannu tana warkewa, ita kuma tana tsufa. Inda ta kwana nan take farkawa, saboda haka tana iya tafiya. Abin da ta ci daga kanti ba ya komawa kan kanta, har gurbinsa ya fara bayyana. Wasu kayan in ta ajiye su kusa da jikinta sukan zauna, wasu su koma inda suka fito. A juzu'i na biyu, da ta rasa yanayin shekara, sai ta shiga jirgin ƙasa ta nufi arewa neman sanyin ƙanƙara, ta gangaro kudu neman ɗumi. Wato ta maida tazarar wuri madadin watanni. A ganinmu wannan ce dabara mafi kyau cikin duka huɗun.

Tambaya: Na rubuta labarin wata amarya a nan Maraɗi wadda Juma'a ɗaya ke ta maimaita mata kanta. Ƙawayena sun ce shafi goma na farko da daɗi, daga nan sai hamma, kuma wai abubuwa ba sa haɗuwa. Ina gyaran yake? *Daga wata matashiyar marubuciya, Bagalam.*

Amsa: Ƙanwarmu, ba mu ga rubutun ba, amma cutar sananniya ce, kuma maganinta irin na ƴan kasuwar garin nan ne: littafin lissafi. Kafin ki taɓa labarin, sayi kaye daban, ki ware shafi ɗaya ki rubuta dokokin ranar. Kada su wuce biyar ko shida. Wa ke tunawa? Jikinta yana tafiya ko ya tsaya? Abin da ta ci ko ta kashe yana dawowa? Ina take farkawa? Da wane lokaci ranar ke juyawa, tsakar dare ko kiran assalatu? Abin da ta rubuta a takarda yana kwana? Rashin haɗuwar da ƙawayenki suka gani daga nan yake: a babi na biyu jika biyar ɗinta ta dawo cikin jaka, a babi na shida ta ƙare. Mai karatu zai yarda miki Juma'a ta maimaita kanta sau dubu, amma ba zai yafe miki jika biyar ba.

Sai ki zana ranar kanta, ta asali, daga asuba zuwa bayan lisha. Ki samo abubuwa goma sha biyu zuwa goma sha biyar da ke faruwa ko tana nan ko ba ta nan, kowane da lokacinsa: tarin maƙwabci kafin ya buɗe ƙyaure, mai koko da ta zo da hantsi, ɗan kabu-kabun da ya kusa kaɗe akuya a kwanar gida, huɗubar da ke fitowa ta lasifika, ɗaukewar wuta bayan la'asar. Waɗannan su ne turakun labarin. In sun gaza goma, ranar ba ta da jiki. In sun haura ashirin, ke da kanki za ki ruɗe. Kuma kowane turke sai ya dawo sau uku aƙalla, kowane zuwa da sabuwar ma'ana: karon farko ta ji shi, na biyu ta jira shi, na uku ta yi ƙoƙarin hana shi ko ta kasa jure shi.

Maganin hamma kuwa shi ne abin da ke ƙarewa. In komai yana dawowa sabo kowace safiya, babu asara, in babu asara babu labari. Ki ba ta agogo biyu da ba su tsaya ba, ɗaya a jiki, ɗaya a rumbu. Na jiki, tunda amarya ce, ga lalle. Na fata yakan kwashe mako biyu zuwa uku ya goge. Na farce ba ya gogewa, turo shi ake yi, farce kuma yana tsiro kamar milimita uku a wata, sai ya yi wata shida kafin jan ya kai baki a yanke shi. Kenan a rana ta 20 tafin hannunta ya koma fari alhali ango yana ganin jiya aka ɗaura aure, a rana ta 180 kuma jan ƙarshe ya fita daga farcenta. Me za ta ce masa? Ga babi biyu nan kin samu kyauta. Na rumbu kuma: buhun hatsi mai kilo 100 tiya 40 ne. In dokarki ta ce abin da aka ci ba ya dawowa, kuma gidan na cin tiya ɗaya a rana, to ran 41 buhun da uwar miji ta san cike yake jiya ya zama fanko. Wa za a tuhuma? Ki yi lissafin nan da bik, ki rubuta lambar rana a saman kowane babi, kada ki bi su a jere. Daga 1 ki tsallaka 2, 9, 41, 180. Tsallaken ne ke nuna nauyin kwanakin da ba a faɗa ba.

Akwai kuma abin da Hausa ta ba ki wanda ya kamata ki mora. Labari a bakinmu da "sai ya", "sai ta", "suka" yake tafiya, wannan ki bar wa abin da ke faruwa karon farko. Da yawa sukan ɗauka "yakan" ne ya dace da maimaici, amma "yakan yi tari" yana nufin ɗabi'arsa ce, alhali shi sau ɗaya ya yi, ita ce ta ji sau ɗari. Ki gwada "zai": "Zai yi tari sau biyu. Zai jawo ƙyaure, ya maƙale, zai ce subhanallahi." Nan take mai karatu ya ji ta riga kowa sani, ya kuma ji kaɗaicin da ke cikin sanin.

Kada ki manta da wata. In ranar ta tsaya a 27 ga Sha'aban, azumi yana bakin ƙofa amma ba zai shigo ba, kowa yana shirin abin da ita kaɗai ta san ba zai zo ba. Zaɓen ranar rabin aiki ne. Juma'ar da kika ɗauka ta dace, ga masallaci ga cikar kasuwa, sai dai ki sa mata kwanan wata na Musulunci da na boko, da yanayi, ko tsakiyar bazara ce ko farkon ɗari.

Kuskure na ƙarshe, wanda ya fi kashe irin wannan labari: a shafin ƙarshe ta farka, ashe mafarki ne. Kada ki yi mana haka.

Tambaya: Me ya sa ƴan Danmak musamman suka damu da lokaci haka? *Daga wani ma'aikaci, Sabon Gari.*

Amsa: Malam, ba za mu ɗora wa ƙasa guda hali ɗaya ba, amma duba wannan. A Kofanhagen yinin ƙarshen Disamba awa 7 ne, na ƙarshen Yuni ya kai awa 17 da rabi. A Maraɗi tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta kamar awa ɗaya da rabi ne kawai. Mutumin da hasken ranarsa ke miƙewa yana tsukewa haka, ba sai an gaya masa lokaci abin tuhuma ba ne. Ƙasar kuma ƙarama ce, murabba'in kilomita kusan 43,000, ta ɗara jihar Maraɗi da kaɗan, mutanenta ba su wuce miliyan shida da wani abin kirki ba, ga tsibirai fiye da 400. Shi ya sa gandu mai ganuwa da ƙaramin gari a tsibiri ke yawan fitowa: wuri ne da za a iya rufewa a ga abin da zai faru.

Tambaya: Ya halatta in sa sunan Maraɗi da unguwanninta na gaskiya, ko in ƙirƙiro gari? *Daga wani marubuci, Tibiri.*

Amsa: Duka biyun an yi. Jensen ya riƙe Marstal da sunanta, Balle ta ƙirƙiro ƙaramin garin da Tara ke zaune amma ta bar Paris yadda take. Shawararmu, gari da unguwa da hanya su zama na gaskiya, gida da mutanen cikinsa su zama ƙage, don kada ka saka iyalin wani cikin abin da ba su ji ba ba su gani ba. In ka ambaci wuri na gaskiya kuwa, to ka auna shi. Je ka taka daga inda tauraronka ke kwana zuwa inda yake sana'a, ka duba minti nawa ne a ƙafa, nawa ne a kabu-kabu, ina rana ke faɗowa da la'asar. Ɗan gari zai kama ka a kwana ɗaya da ka juya ba daidai ba, daga nan kuma ya daina yarda da al'ajabin naka.

Garin nan ma ya riga ya yi maka rabin aiki. Maraɗin farko a kwarin gulbi take, ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka hau tudu aka yanka sabbin tituna a miƙe, unguwanni irin su Mokoyo da Bagalam da Ƴandaka da Maradawa suka hau da sunayensu. Ga gari biyu masu suna ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashin gonaki da lambuna. Ga gulbin da ke fitowa daga wajen Katsina, ya ratsa ta nan ya sake komawa Najeriya, yana gudu da damina, da rani a taka cikinsa da ƙafa. Wanda ke neman inda zai buɗe ƙofa tsakanin zamani biyu ba sai ya je nesa ba. Sai dai ƙofar ta zama ɗaya, a wuri ɗaya, da sharaɗi ɗaya, misali sai ranar da ruwan fari ya iso. In ka buɗe ta ko'ina, ka koma tatsuniya.

Tambaya: Ni dai ban ga amfanin cika wa yara kai da ƙarya da sihiri ba. Ko aljanu ne ke tsai da ranar? *Daga wani dattijo, Ɗan Gulbi.*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Hukunci na malamai ne, ba mu isa ba. Abin da za mu iya shaida shi ne, a littattafan da muka ambata babu boka, babu tsafi, babu wanda ya yi wa wani asiri. Kalmar da ake fassarawa da "sihiri" a sunan salon, abin mamaki kawai take nufi, kuma marubutan ba sa faɗin dalilinsa. Amfaninsa shi ne ya sa a dubi abin da aka daina gani: matar da ranarta ba ta wucewa labarin zaman aure ne da tsufa, basaraken da ya tsai da agogo labarin masu mulki ne da ba sa son a taɓa abin da suka gada.

Tambayarku ta biyu kuma gargaɗi ce ga marubutanmu. A nan aljani ba abin da ba ya yiwuwa ba ne, an san da shi. Da marubuci ya ce iska ce ta kama amarya, mai karatu ya sami bayani, zai jira a kira mai ruƙiyya, labarin ya zama wani iri daban. Don haka dalilin a bar shi a rufe. Ku kuma kun fi mu sanin ƙissar As'habul Kahfi, wadda gaskiya ce, ba mu haɗa ta da ƙage ba: shekara 309, kuma malaman tafsiri suka ce kuɗin azurfar da ɗayansu ya kai gari sayen abinci ne ya tona tsawon zamanin. Ɗan ƙaramin abu a tafin hannu ya isa shaida.

Tambaya: Da wanne zan fara, kuma da wane suna zan neme su? *Daga wata ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.*

Amsa: Ɗiyarmu, nemi fassarar Faransanci. Na Balle sunansa *Le volume du temps*, juzu'in farko siriri ne, da shi za ki fara, ki karanta da bik a hannu kina fitar da dokokin ranar da kanki. Na Jensen *Nous, les noyés*, mai kauri ne ƙwarai, ki bar shi sai hutu, amma babin farko kaɗai ya isa darasi. Na Høeg na 1988 shi ne *L'Histoire des rêves danois*, yana da yawan dangi da tsallake-tsallaken zamani, sai kin zana bishiyar zuri'a a bayan kaye kina dubawa. Mai sayar da littafi zai fi saurin miƙo miki *Smilla et l'amour de la neige* na 1992 don shi ya fi suna, sai dai wannan labarin binciken mutuwar wani yaro ne tsakanin Kofanhagen da Girinlan, al'ajabinsa kaɗan ne. In an yi miki odarsu daga Yamai ko ta hannun mai zuwa Faransa, ki ba da sunan marubuci da na littafin a rubuce, ki kuma faɗi lambar juzu'i, don na Balle duk sunansu ɗaya ne.